Hefarin da bankomaisin a jijiya ɗaya, yaya zan yi?

Salamu alaikum 'yan uwa nas-nas da masu haɗa magunguna. Ina aikin dare a wani asibiti a nan Kumasi, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Muna da wata dattijuwa daga Aboabo, jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa. Likita ya sa mata hefarin, maganin hana jini daskarewa, yunit 25,000 cikin ruwan gishiri, inji na turawa ba tsayawa, muna duba aPTT, gwajin saurin daskarewar jini, duk awa 6. Sai kuma zazzaɓi ya taso, aka ƙara bankomaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau biyu a rana.

Magungunan nan ba sa haɗuwa a layin ƙarin ruwa ɗaya, guda-guda suke yi. Ga shi kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya, ɗaya tak gare ta. Jijiyoyin Hajiya sun ɓuya, mu uku muka gwada, har ta fara hawaye, wallahi ta ba ni tausayi.

Bankomaisin ba ya son gaggawa, sai aƙalla awa guda. Shi kuma hefarin, cikin kamar awa ɗaya da rabi ƙarfinsa ya ragu da rabi a jini. In na tsayar da shi, ina tsoron gudan jinin. In kuma na wanke layin, ragowar hefarin zai afka mata lokaci guda.

Don Allah a wajenku yaya kuke yi? Kuna matsa wa likita ya sa layin babbar jijiya, ko a koma allurar enozafarin ta ƙarƙashin fata, wadda ita ma ke hana jini daskarewa? In an tsayar da hefarin, yaushe kuke ɗibar jinin aPTT?