Distoniyar wuya: me ya sa taɓa haɓa ke miƙar da shi?

Assalamu alaikum. Shekara 2 ke nan wuyana yana murɗewa hagu ba da son raina ba, likita ya ce distoniya ce, wato ciwon da ke sa tsoka ta riƙa ɗaurewa da kanta. An ɗauki hoton MRI, ba ƙari, ba tabo. Na sha maganin lebodofa, ko gezau. Allurar Botox ta saki tsokar, amma bayan wata 3 sai abin ya dawo. Na karanta cewa matsalar daga basal gangiliya take, wato wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa, wasu kuma suka ce har da serebelam, sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. Na gaji da wannan ruɗani.

Abin da ya fi ɗaure min kai, da zarar na ɗora yatsa a haɓata, ko ban danna ba, sai wuyan ya miƙe. Don Allah masana, me wannan taɓawar take gyarawa a cikin ƙwaƙwalwa?