Wai tunda SSD ta zo, gyaran B-tree ɓata lokaci ne?

Ɗan Samaru: Jama'a ni fa na gaji da surutun girman shafin database da su fillfactor, wato yawan cikar da ake wa kowane shafi. B-tree ɗin nan, tsarin bishiya da database ke jera bayanai da shi don saurin nema, tun 1970 Bayer da McCreight suka fito da shi a Boeing, zamanin faifai mai juyawa da sai allura ta yi milisakan masu yawa kafin ta lalubo abu. Yanzu ka sayi SSD, ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, ka huta, shike nan.

Anti Kongo: Ƙanina a hankali dai. Wata makaranta da nake riƙe wa database a Tudun Wada SSD ce a sabarsu, amma lokacin shigar da sakamakon jarabawa abin sai jan ƙafa yake kamar keke napep a go-slow ɗin PZ. Ashe wanda ya gina musu UUID na barkatai (doguwar lambar shaida mara bin juna) ya sa a primary key, wato makullin da ke bambanta kowane layi, ita kuma InnoDB, injin ajiya na database ɗin MySQL, bisa wannan makullin take jera layuka a shafuka masu 16KB, to kowane sabon layi tsakiyar wani shafi yake faɗawa, shafin in ya cika ya tsage biyu, rabi-rabi fanko, tebur ya yi ta kumbura a banza. Lamba mai bin juna na mayar musu, ko sisi ba a kashe ba.

Ɗan Samaru: To Anti ai wannan laifin mai gini ne ba na bishiya ba

Anti Kongo: Shi ne gyaran ai! Me ka ɗauka ake nufi da tuning?

Injiniya Sabon Gari: Ku duba buffer pool ma, wato ɓangaren RAM da ake ajiye shafuka a ciki. MySQL da 128MB take zuwa, mutum na da RAM 8GB bai taɓa wurin ba yana zagin faifai. Bishiyar hawa 3 ko 4 ce ko da layuka miliyoyi ne, in na saman suna zaune a RAM karatu ɗaya kacal zai sauka faifai.

Malam Gyallesu: Ni dai RocksDB, tsarinta na LSM da ke tara rubutu a RAM kafin ya sauke shi faifai ya fi B-tree sauri wajen rubutu wallahi

Injiniya Sabon Gari: Malam ka jira compaction, aikin haɗe fayilolin da LSM ta tara, ya taso maka ana tsakiyar rajista, ka dawo mu yi magana 😂

Ɗan Samaru: Naji na buffer pool. Amma fillfactor ɗin database ɗin PostgreSQL kashi 90 cikin 100 yake zuwa a index na B-tree, har yau ban ga wanda ya canza shi ya nuna min riba ba. Anti turo EXPLAIN ɗinki, bayanin yadda database ke lalubo bayanai, na kafin gyaran da na bayansa.

Anti Kongo: An ɗauke wuta, laptop ta mutu. Sai bayan Isha'i in Allah ya yarda.