Ƙawata mashigar wurin walima a gindin dutse

Uwar amarya: Assalamu alaikum. Za mu yi walimar auren 'yata a wani fili da ke gindin dutse a Tula cikin watan Disamba, shi ne nake neman shawara kan yadda za a ƙawata mashigar.

Mai kwalliyar biki: Hajiya, kada a rataya labule a ƙofar, domin iskar hunturu tana da ƙarfi a kan tudu, kuma dutsen kansa ado ne da bai kamata a tare shi ba. Zana biyu da aka kafe sosai, da fitilun sola a gefen hanya, sun wadatar.

Wani dattijo: 'Yar'uwa, a share tsakuwar hanyar saboda tsofaffi. Kaskon turaren wuta kuwa a nesanta shi da zanar, ciyawa ta bushe ƙayau a lokacin.