Wanda bai kai ƙarshen littafi ba, yana da bakin cewa a karanta?

Baban Yara: Jama'a, ƙorafi na kawo, kuma da Auta nake. Wata biyu da suka wuce ta cika mana kunne da yabon wani littafin labari, har da cewa wanda bai karanta shi ba an bar shi a baya. Na je na nemo, shafi 430, na yi sati uku ina bin sa kullum dare. Farkonsa kam ba laifi. Daga tsakiya marubucin ya rasa inda zai kai mutanensa, sai ya shiga kashe su ɗaya bayan ɗaya, a babin ƙarshe kuma wai ashe duk mafarki ne. Jiya na tambaye ta yadda ta ji da wannan ƙarshen, buɗar bakinta sai ta ce ai ita a babi na 5 ta ajiye. To ga matsayata: wanda bai kai bangon baya ba, ba shi da hurumin ce wa wani ya karanta. Ya gama tukuna.

Auta: Haba Yaya, a gaban mutane? Cewa na yi ina karanta wani littafi mai daɗi, kuma wallahi a lokacin da daɗinsa. Ban ce na gama ba.

Baban Yara: Ba ki ce kin gama ba, ba ki kuma ce ba ki gama ba. A nan gizo ke saƙar.

Uwar Biyu: Ni dai ina bayan Auta. In aka kafa wannan doka, sau ɗaya a shekara za ku riƙa jin bakina. Shafi huɗu nake samu in yara sun yi barci, wani daren littafin ne ke faɗo mini a fuska. Kuma ku duba, lokacin da kake tsakiyar littafi shi ne lokacin da yake cin ranka, kake neman wanda za ka ce wa "zo ka ga abin da mutumin nan ya aikata". In ka gama, sati biyu kawai zafin ya huce, sai ka ce "ba laifi" ka wuce. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Hedimasta: 'Yata, akwai wata karin maganar kuma: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Littafin labari alkawari ne marubuci ke ɗauka a shafukan farko, ɗaukar alkawari kuwa kowa ya iya. Ƙulla zance ba wuya, warwarewar ce ke nuna gwani. Ku ɗauki littafin binciken kisan kai da Agatha Christie ta fitar a 1926, wanda sunan Roger Ackroyd ke jikin bangonsa. Wanda ya tsaya a rabinsa zai ce labari ne irin na kullum, ƙauye, gawa, mai bincike. Abin da ya ɗaukaka shi yana shafukan ƙarshe, har sai mutum ya koma farko ya ga yadda aka yi wasa da hankalinsa. Mai rabi bai san littafin da yake riƙe da shi ba, ko yabo ya yi ko kushe.

Auta: Baba don Allah kar a faɗa, yana cikin waɗanda nake son karantawa!

Hedimasta: Bakina alekum. Amma kin ga ke ma kin yarda ƙarshe na da nauyi.

Alaramma: Assalamu alaikum. Ina ta saurare, na ga duk littafin labari kuke nufi, alhali dokar da Baban Yara ya kawo ba ta ware komai ba. Fathul Bari, sharhin Bukhari, Ibnu Hajar ya shafe kimanin shekara 25 yana rubuta shi, ya kammala a 842 bayan Hijira. Bugun da ke hannuna mujalladi 13 ne. Mutum nawa ne a cikinmu suka sauke shi daga bango zuwa bango? Amma in ɗalibi ya zo da tambaya kan hadisin niyya, zan ce ya buɗe mujalladi na farko, kuma ban zalunce shi ba. Littafin ilimi babi-babi ake shan sa, kowane babi da ƙafafunsa yake tsaye.

Kuma ga tafsirin Jalalaini. Jalaluddin Mahalli ya faro daga Kahfi zuwa Nasi, ya yi Fatiha, ya rasu a 864. Suyuɗi rabin littafi ya tarar, ya ga ya cancanci a ƙarasa, ya ɗauko daga Baƙara zuwa Isra'i. Shi ya sa a wasu bugun za ku ga tafsirin Fatiha a can ƙarshe.

Baban Yara: Allah gafarta Malam, na karɓi ta Fathul Bari, na janye doka daga kan littattafan ilimi. Amma ta Jalalaini ba ta shiga nan ba. Suyuɗi ya karanta duk abin da aka rubuta, marubucin ne bai gama ba. Ita kuwa Auta littafinta a kammale yake, ita ce ta gudu.

Alaramma: Wannan gaskiya ne, na bar maka ita.

Ɗan Lissafi: Bari in ɗan tona asirin kowa. A 2014 wani masanin lissafi a Amurka, Jordan Ellenberg, ya yi wata dabara. Kindle, na'urar karanta littattafai, na nuna wurare biyar da masu karatu suka fi ja wa layi a littafi. Sai ya duba a wane shafi suke. In duk a farko suka taru, alama ce mutane ba sa nisa. Ya laƙaba wa ma'aunin sunan Stephen Hawking, saboda littafinsa na 1988 kan tarihin lokaci ya yi suna wajen saye a ajiye. Da ya auna nisan shafukan da aka fi ja wa layi da tsawon littafin, na Hawking ya samu kashi 6.6 cikin ɗari, ƙaton littafin Thomas Piketty kan jari da rashin daidaito kuwa 2.4. Shi kansa ya ce don raha ya yi, ba bincike ba ne na a-zo-a-gani, kuma mutum na iya gajiya da jan layi bai gaji da karatu ba. Duk da haka ina jin yawancin littattafan da ake ce mana "dole ka karanta", masu faɗar ba su wuce inda Auta ta tsaya ba. Bambancin kawai ita ta amsa laifinta.

Baban Yara: Ai kai hujja ka ƙara mini. Don kowa na yi ba ya zama daidai.

Gwaggo Mai Laburare: Na daɗe ina ba mutane aron littafi, kuma abin da na gani shi ne wanda ya fi cutuwa shi ne mai jin dole sai ya gama. Akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar laburare a Siyatil ta Amurka, Nancy Pearl, tana da ƙa'ida: ka ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye. In ka haura shekara 50 kuma, ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Ni yanzu ko 40 ba na kaiwa. Ɗana, da ka ga labarin ya soma tangal-tangal a shafi na 200, wa ya ɗaure ka? Sati ukun nan, biyu daga ciki kai ka ba da su da hannunka.

Baban Yara: Gwaggo, ai saboda yabon ne na daure. Ina ta cewa tunda ta ce ya yi, ƙila gaba zai gyaru.

Gwaggo Mai Laburare: To a nan kana da gaskiya, kuma ƙa'idar da na kawo ta ajiyewa ce, ba ta yabo ba. Shafi 50 sun isa ka gane littafi ba naka ba ne. Ba su isa ka rantse a kansa ba.

Uwar Biyu: To waɗanda ake sakin su kashi-kashi a waya fa? Marubuciyar ma ba ta san ƙarshen ba, mu yi shiru sai bayan wata takwas?

Hedimasta: Wannan ba sabon abu ba ne. Charles Dickens wata-wata yake fitar da yawancin labaransa tun daga 1836, mutanen Ingila na yaba wa juna tun ana tsakiya. Na ƙarshensa ya tsara kashi 12, ya rasu a 1870 da shida kawai a rubuce, har yau ana gardamar yadda zai ƙare. Sai dai a irin wannan kowa ya san ba a gama ba, wanda ya shiga da idonsa buɗe ya shiga. Abin da ya ci Baban Yara rashin sanin ne.

Ɗan Lissafi: Ke nan a sa lamba kawai. "Ina shafi na 80 cikin 430." Mai ji ya auna da kansa.

Baban Yara: Lamba ta rage zafi, amma ban sauka ba. A littafin labari, ka ce "ina karantawa", kar ka ce "ku karanta". Kalmomi biyu ne daban.

Auta: Yaya, tambaya ɗaya. Bara kai ne ka hana mu sakat da Muƙaddimar Ibnu Khaldun, kana cewa a 1377 mutumin ya rubuta abin da ke faruwa yau. Saboda kai na sauke ta a waya. Babi shida ne. Kana na nawa?

Baban Yara: Wannan littafin ilimi ne, Malam ya riga ya yi mana fatawa.

Auta: Na nawa?

Baban Yara: Na uku. Amma babin mulki ne, yana da tsawo sosai.

Alaramma: Ita kanta Muƙaddimar ma shimfiɗa ce ga Kitabul Ibar, sauran mujalladi shida na jiran ka a gaba.

Uwar Biyu: Tunda haka ne bari in fara. Ina shafi na 61 cikin 310 na wani labarin mata biyu da suka gaji gida ɗaya ba sa ga maciji da juna. Zuwa yanzu ya hana ni barci. Wanda ya riga ya gama, don Allah ya riƙe bakinsa sai nan da wata biyu.