Shin koren ruwan kududdufan kuza zai iya ba mu magani?

Ɗalibar harhaɗa magunguna, Jos:
Assalamu alaikum. Da rani ruwan wasu tsofaffin kududdufan haƙar kuza a wajen Bukuru yakan yi kore shar, har kumfa mai kauri ya taru a gaɓa. Malaminmu ya ce sau da yawa irin wannan ba gansakuka ba ce, ƙwayoyin sayanobakteriya ne masu haɗa abincinsu da hasken rana, kuma an samo maganin ciwon daji daga danginsu. Da gaske akwai wanda ya kai ga majinyata? Ina son in yi binciken kammala digiri a kan namu na nan.

Malamin kimiyyar sinadarai:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Akwai shi. A 1987 masanin kimiyyar sinadarai George Pettit da abokan aikinsa suka ware sinadarin dolastatin 10 daga wata halittar teku mai laushin jiki, sai daga baya aka gano cewa sayanobakteriyar da take ci ce ke samar da shi. Sinadarin yana hana ƙwayar halitta rabuwa biyu, amma shi kaɗai bai yi nasara a gwaji ba, don haka aka ƙera makamancinsa aka ɗaura shi a jikin furotin na garkuwa mai kai shi ga ƙwayar daji kai tsaye. Da haka aka samu maganin ciwon daji mai suna Adcetris, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011. Ki lura, shekara 24 ke nan tsakani.

Likita a Abuja:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina roƙon kada kowa ya karanta ya ɗauka ruwan kansa magani ne. Wasu nau'o'in sayanobakteriyar suna fitar da gubar mikrosistin mai lalata hanta, kuma tafasa ruwa ba ta kawar da ita. A 1996 a Caruaru ta Brazil, sama da mutum 50 masu wankin ƙoda sun rasu saboda ita. Yara suna wanka a kududdufan nan, makiyaya suna shayar da shanu, wannan ne ya fi damuna.

Malamin kimiyyar sinadarai:
Gaskiyarka, likita, kuma binciken nata zai amfani ɓangarorin biyu. Ƙanwata, ki fara da tantance nau'in da ke cikin ruwan da madubin duba ƙananan halittu, ki raine shi tsantsa a ɗakin gwaji, sannan ki gwada abin da kika tatsa a kan ƙwayoyin cuta. Idan kin ga alama, ki nemi haɗin gwiwa da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu, Abuja. Ki sa safar hannu ranar ɗibar ruwan.