Ctrl+C ya ƙi tsayar da rubutu a manhajar Telnet ɗina

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Ina neman agaji, kwana huɗu ke nan abin nan ya hana ni barci.

Ina rubuta ƙaramar manhajar Telnet (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa ta rubutu) da harshen C, don mu riƙa shiga wata tsohuwar saba (server) a shagonmu da ke Sakkwato ta tasha (port) ta 23. Komai na tafiya daidai, sai in na danna Ctrl+C. Rubutu ya yi ta kwarara a allo kamar ruwan Agusta, ni kuwa ina zaune ina dukan allon rubutu ba amsa.

Na bi abin da RFC 854, wato kundin ƙa'idojin Telnet, ya tanada: in aika IAC (alamar cewa umarni na tafe) da IP (umarnin katse aiki), wato 255 da 244, sannan IAC da DM (alamar inda za a daina watsar da bayanai) mai lamba 242 a matsayin saƙon gaggawa ta zaɓin MSG_OOB na send(), wato kiran da ke aika bayanai. Matsalar tana ma'ajiyar da nake tara bayanai kafin aikawa. Idan layi ya cunkushe, send() yakan karɓi rabi ya bar rabi, alamar gaggawar kuma sai ta sauka kan wani baiti daban, ba kan DM ba.

To, in riƙe baitin gaggawar in aika shi shi kaɗai bayan sauran sun fita? Kuma a ɓangaren karɓa, dole ne in kunna SO_OOBINLINE, zaɓin da ke barin baitin gaggawa cikin sauran bayanai? Na karanta cewa tsarin Unix na BSD da kundin ƙa'idoji na RFC 1122 sun saɓa kan inda manunin gaggawa yake tsayawa, ko nan ne nake tuntuɓe?

Don Allah wanda ya taɓa warware irin wannan ya nuna mini yadda ya jera kiran send() ɗinsa. Allah Ya saka da alheri.