Jami'o'i biyu, takardun tallafi biyu: wacce za mu ɗauka?

Maman Hafsat: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbi a jami'o'i biyu nan Amurka, kuma sai mun ba da amsa kafin 1 ga Mayu. Mai zaman kanta dala 62,000 ce a shekara, takardarsu ta ce tallafi 49,500. Ta jiha 28,000 ce, tallafi 14,000. Mun cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, tun Nuwamba, amma da harajin shekarar da babanta ke aiki, yanzu kuwa an sallame shi. Wacce ta fi sauƙi, kuma ana iya sa su sake lissafi?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara da FAFSA. Yarinya ta buɗe asusunta, uba ko uwa ma ya buɗe nasa daban, kowa da imel ɗinsa. Dole a amince su ɗauko bayanan haraji daga IRS, hukumar harajin Amurka, in mutum ɗaya ya ƙi, babu ko sisi daga gwamnatin tarayya. Kyauta ne, duk wanda ya ce ku biya ɗan damfara ne.

Bilkisu T.: Malam, ai ta ce sun cike tun Nuwamba.

Kawu Lawal: Hajiya, kada jimillar ta ruɗe ki. Zauna da biro ki raba kowace takarda gida uku: kyauta, bashi, da aikin cikin makaranta. Kyautar kaɗai ake cirewa daga kuɗin. Kawo mana layi-layi.

Maman Hafsat: Kawu, ga shi. Mai zaman kanta: kyauta 26,000, bashin ɗaliba 5,500, aiki 3,000, sai Parent PLUS 15,000. Ta jiha: kyauta 8,500, bashi 5,500.

Kawu Lawal: To kin gani. Ta farko 36,000 ce a kanku, ta jiha 19,500. Wannan PLUS ɗin bashi ne da sunan iyaye, ana duba tarihin bashinsu, kuma ana yanke kashi 4 da ɗoriya tun kafin kuɗin ya isa makaranta. Dubu ukun aiki kuma ba ragi ba ne, albashi ne da za ta riƙa karɓa kaɗan-kaɗan, shi ma sai ta nemi aikin ta samu.

Dan Asabe: Ku bar zancen shekarar farko, can gaba ake yanka mutum. Akwai makarantun da ke cika wa yaro hannu ya shigo, shekara ta biyu kuɗin makaranta ya hau, kyautar tana nan inda take. Wata kyautar da sharaɗin maki, an ɓoye shi a ƙananan rubutu: ya sauka ƙasa da 3.0 zango ɗaya, an ɗauke. Yaro ya wahala ya ci gasar tallafi daga waje, dala 2,000, ya kai musu da murna, su kuma su zare 2,000 daga kyautarsu. An yi ba a yi ba. Sai ka ga yaro ya bar karatu a shekara ta uku, babu shaidar digiri, bayan wata shida takardar biyan bashi ta iso. Ni ban ga tallafi a nan ba, tarko ne.

Bilkisu T.: Ba duka ba ne Yaya. Wasu daga bashin suke ragewa, ba daga kyautar ba. A tambaya a rubuce: kyautar ta shekara huɗu ce? Wane maki take buƙata? In ta samu tallafin waje, daga ina za ku rage?

Dan Asabe: A rubuce ma ai sun iya Turanci.

Abu Sadik: Ruwan bashin ɗalibi kashi 6.53 ne.

Kawu Lawal: Na shekarar 2024 zuwa 2025 ke nan. Na bayanta 6.39 ne, PLUS kuma 8.94. Kowane 1 ga Yuli ake sauyawa, amma wanda ka ci bashi a kansa shi zai bi ka.

Garba Mai Tasi: A tura ta kwalejin shekara biyu ta unguwa, ta ci tuwon gida, daga baya ta koma jami'a. Wanda bai da akuya ba ya cinikin raƙumi 😂

Hajiya Turai: Kowa ya zama lauya, babu wanda ya amsa mata. E, ana sake lissafi. FAFSA tana duba kuɗin shigar shekara biyu baya, don haka doka ta ba ofishin tallafi ikon gyarawa in hali ya canja. Ki rubuta wa makarantun biyu yau, ki haɗa takardar sallama, takardar albashin ƙarshe, da shaidar kuɗin rashin aiki in yana karɓa. In lambar SAI, wadda FAFSA ke auna ƙarfin gida da ita, ta sauka sosai, yarinyar tana iya samun Pell, kyautar gwamnatin tarayya, wanda ƙololuwarsa 7,395 ne a shekarar 2025 zuwa 2026. Kowace makaranta da hukuncinta, ba a ɗaukaka ƙara zuwa ma'aikatar ilimi.

Dan Asabe: Hajiya, maganar 'yan ofis kike yi.

Hajiya Turai: Su ke riƙe da biron, ba mai ɗacin rai ba.

Malam Nura: Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne riba. A cikin 5,500 ɗin, abin da bai wuce 3,500 ba gwamnati ke ɗauke wa ruwa muddin tana karatu, da wata shida bayan ta gama. Sauran yana tara ruwa tun ranar da aka fitar da shi. Ba dole a karɓi duka ba, ana iya ƙin wani sashe.

Garba Mai Tasi: Lissafin nasu ma bai san mu ba. Mutum yana ciyar da gida biyu, kowane wata yana aika wa tsofaffi, fom ɗin ba shi da gurbin wannan.

Bilkisu T.: Kuma tun 2024 sun daina la'akari da yawan 'ya'yan da ke jami'a lokaci guda. Mai yara uku a makaranta da mai ɗaya, awo ɗaya.

Abu Sadik: CSS Profile, wani fom ɗin tallafi da wasu makarantu ke nema, tana tambayar yawan 'ya'yan da ke jami'a, amma dala 25 ce makarantar farko, 16 kowace ƙari.

Hajiya Turai: Kyauta ce ga gidan da kuɗin shigarsa bai wuce 100,000 ba.

Garba Mai Tasi: To fili ko gidan haya da mutum ke da shi can gida fa, shi ma sai an rubuta?

Kawu Lawal: Gidan da kake ciki kaɗai FAFSA ta yafe. Na haya dukiya ce, ko a ina yake.

Garba Mai Tasi: Ikon Allah. Abin da ka aika ba su gani, abin da ka gina kuwa idonsu ƙyar a kai.